Magani ko Zaman Tattaunawa: Wanne Ya Dace da Macen da Ciwon Damuwa Ya Kama?

Macen da ciwon damuwa ya kama da wuya ta shiga ɗakin likita ta ce damuwa ce ta kawo ta. Abin da takan faɗa shi ne, "Likita, kaina ba ya daina ciwo, jikina duk a mace yake, ga barci ya ƙaurace mini." Sai a auna jininta, a duba ko zazzaɓi ne, a rubuta mata maganin ciwon jiki ta koma gida. Wata guda a tsakani ta sake dawowa da kuka iri ɗaya. Wata takan daɗe tana wannan zarya kafin a samu wanda zai tambaye ta, yaushe rabonki da jin daɗin wani abu?

Ba ita kaɗai ba ce. A bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo, kuma ya fi yawa a mata da kusan kashi 50 cikin ɗari a kan maza. A ƙuruciya yara maza da mata kusan kunnen doki suke, daga balaga ne tazarar ke buɗewa. Dalilan a cakuɗe suke. Akwai hawa da saukar sinadaran jikin mace lokacin al'ada, ciki, haihuwa da yankewar haila. Akwai nauyin raino da jinya da ke yawan faɗawa kanta. Akwai kuma cin zarafi, wanda hukumar ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa gamuwa da shi. A ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki kuwa, fiye da kashi 75 cikin ɗari na masu ciwon ba sa samun kulawa ko kaɗan.

Likitoci alamu tara suke dubawa, kuma sai biyar sun haɗu, sun kwashe aƙalla mako biyu kusan kullum, kafin su ce ciwo ne. Cikin biyar ɗin dole a samu ɗaya daga manyan biyu: ƙuncin rai da ba ya yayewa, ko mutuwar sha'awar abin da a da yake faranta miki. Ragowar su ne lalacewar barci, ko ya ƙi zuwa, ko ki farka da talatainin dare ki kasa komawa, ko kuma ya yi yawa. Canjin cin abinci. Gajiya ba aikin fari ba na baƙi. Kasa tattara hankali har ƙaramar shawara ta gagare ki. Ganin kanki ba a bakin komai ba da ɗora wa kai laifin da ba naki ba. Sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya har mutane su lura. Sai tunanin gara a ce ba kya duniya. Daga waɗannan alamu aka tsara takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, mai maki daga 0 zuwa 27. Daga 5 zuwa 9 ciwon mai sauƙi ne, daga 10 ya shiga matsakaici, daga 20 zuwa sama ya yi tsanani. Takardar ba ta yanke hukunci, amma tana nuna inda aka dosa, kuma wannan makin zai yi mana amfani a gaba.

Abin da ke sa ciwon ya ɓuya a jikin mace shi ne ba ta daina aiki. Za ta tashi ta shirya yara, ta fita sana'a ko ofis, ta gaisa da mutane da fara'a, alhali da ƙyar take jan kanta. Wata ma ba kuka take yi ba, faɗa take yi. Yaro ya zubar da ruwa ta rufe shi da masifa, daga baya ta shige ɗaki tana tsine wa kanta. In ta yi ta maza ta faɗa wa mahaifiyarta, amsar takan zo cikin ƙauna amma ta rufe bakin zancen: "Haba 'yar nan, me kika rasa? Ki gode wa Allah mana." Godiyar kuwa tana nan, ba ita ce ta ɓace ba. Ciwon yana kama wadda ta rasa komai, yana kama wadda ba ta rasa komai ba, kuma ba shi ne ma'aunin imanin mutum ba.

Kafin a kai ga zaɓen magani, akwai cututtukan da ke shigar burtu da kamanninsa. Ƙarancin jini na kawo kasala da jiri da bugun zuciya. Raunin tayirod, halittar nan da ke gaban wuya, na kawo mutuwar jiki, jin sanyi, ƙiba da dusashewar walwala, kuma mata ya fi kamawa, har da bayan haihuwa. Gwajin jini ke raba gardama, don haka ki nemi a yi miki. Makoki ma daban yake: baƙin cikin rashi yana tasowa yana lafawa, kuma mai makoki ba ta daina ganin darajar kanta.

Jego na da nasa rabe-raben. Yawancin masu jego, kwana biyu ko uku da haihuwa, sukan tsinci kansu suna hawaye ba dalili, ran nan a jagule. Wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu, hutu da tallafi kawai yake so. In ya zarce mako biyu, ko uwa ta ji zuciyarta ta ƙi haɗuwa da jaririn, ko ta riƙa ganin ba ta cancanci zama uwa ba, to an shiga ciwon damuwa na jego, wanda ke samun fiye da mace ɗaya cikin goma masu ciki da masu jego. Tun 1987 ake amfani da tambayoyi goma da aka tsara a Edinbara don gano shi. Na ukun shi ne mai haɗari: a haihuwa ɗaya ko biyu cikin dubu, uwa kan ruɗe cikin kwanakin farko, ta daina barci kwata-kwata, ta riƙa jin muryoyi ko yarda da abin da babu shi. Nan babu maganar zaɓi. Asibiti ake kai ta a ranar, kuma ana warkewa.

Tambaya ɗaya kuma da bai kamata likita ya tsallake ba: kin taɓa yin kwanaki kina jin ƙarfi fiye da kima, barcin awa biyu ko uku ya ishe ki, magana ba birki, kashe kuɗi ba lissafi? In e, wataƙila ciwon nan ne mai fuska biyu da ake kira baifola, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi. Ko ba a tambaye ki ba, ki faɗa.

Ƙwayar magani

Magungunan da aka fi farawa da su yau dangin SSRI ne, masu aiki a kan sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa. Na farko da ya yi suna shi ne fuloksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987 da sunan Prozac. Satiralin, wato Zoloft, ya biyo baya a 1991. Akwai tsohon magani amitiriftilin da har yanzu ake rubutawa a wurare da yawa. Yana aiki, amma yana sa barci, bushewar baki da taurin bayan gida, kuma shan sa fiye da ƙa'ida na iya kisa, shi ya sa ba a son a tara shi a hannun mai tunanin halaka kanta. Za ki ji ana cewa ciwon damuwa ƙarancin serotonin ne kawai, magani kuma cike giɓin yake yi. Masana da yawa sun daina faɗar haka, don lamarin ya wuce nan. Amma rashin kammala sanin yadda magani ke aiki daban, rashin aikinsa daban.

Wahalar magani a farkonsa take, kuma a nan mata da yawa ke ajiye shi. Kin haɗiyi ƙwayar farko da safe. Zuwa hantsi zuciya na tashi, kai ya yi nauyi, wataƙila ciki ya ɓaci. Daren nan barcin ya ƙara rikicewa, wata ma fargaba ce ke ƙaruwa mata a makon farko. Kwana goma kina sha, ran yana nan yadda yake, sai ki ce ai wannan ƙara mini ciwo ya yi. Haka tsarinsa yake: illolin ke riga amfanin zuwa. Tashin zuciya yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, sauƙi ya fara leƙowa tsakanin mako biyu zuwa huɗu, cikakken tasiri kuma sai mako shida ko takwas. Sau da yawa mutanen gida ke riga ki lura, su ce kin fara cin abinci, kin fara amsa waya. Illar da takan daɗe, wadda kuma kunya ke hana faɗa, ita ce raguwar sha'awar aure. Wasu kuma sukan ce baƙin cikin ya tafi amma farin cikin ma ya dusashe. Duka biyun ana iya gyara su ta rage ƙarfin maganin ko canza shi, muddin an faɗa wa likita. 'Yan ƙasa da shekara 25 suna buƙatar a sa musu ido sosai a makonnin farko, domin a wasunsu tunanin kashe kai kan ƙaru kafin sauƙi ya zo.

Yana aiki kuwa? A 2018 wata tawaga ƙarƙashin Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford ta tattara gwaje-gwaje 522 da suka shafi mutum sama da 116,000, ta auna magunguna 21, ta samu kowannensu ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta. Fifikon dai matsakaici ne, ba na ban mamaki ba. Babban binciken STAR*D na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa sarai da maganin farko. Ma'ana, in na farko bai karɓe ki ba, kina cikin mafi rinjaye, kuma canza magani abu ne na yau da kullum.

Maganin ba ya sa maye, ba ya kuma sa ki riƙa neman ƙari yadda ƙwayoyin maye ke yi. Sai dai jiki na sabawa da shi, kuma yanke shi rana ɗaya na kawo jiri, rashin barci, saurin fushi da wani irin fizga a ka. A hankali ake janye shi, cikin makonni ko watanni. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, domin dainawa da wuri na daga manyan abubuwan da ke dawo da ciwon.

Zaman tattaunawa

Mutane da yawa sun ɗauka zama ne a yi hira a ba ka haƙuri. Da haka ne da ƙawa ta wadatar. Jinya ta tattaunawa aiki ce mai tsari, tana da adadin zama, tana da aikin gida, kuma iri-iri ce.

Wadda aka fi bincika ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, CBT, da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960 a Jami'ar Pennsylvania. Beck ya lura masu ciwon suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama, su kuma karɓe su a matsayin gaskiya. A zama, mai jinyar za ta ce ki kawo abu ɗaya da ya faru a makon. Ki ce jaririnki ya yi kuka ya ƙi shiru, da ƙanwarki ta karɓe shi sai ya yi tsit. "Me ya zo ranki a daidai lokacin?" Ki ce, "Ni ba uwar kirki ba ce, ɗana ma ya san haka." Sai a rubuta wannan jimla a takarda, a ja layi. A gefe ɗaya hujjojin da ke goyon bayanta, a ɗaya gefen waɗanda ke ƙaryata ta. Wa ya tashi da shi sau huɗu a daren jiya? Da ƙanwarki ce ta faɗi haka a kanta, me za ki ce mata? Ba za a ce ki yi tunani mai daɗi ba, za a ce ki yi tunani mai adalci. Ki tafi gida da littafi, duk lokacin da ran ya ɓaci ki rubuta abin da ya faru, abin da kika raya, da abin da ya fi kusa da gaskiya. Yawanci zama 12 zuwa 20 ne, sau ɗaya a mako, kowanne kusan awa guda.

Ta biyu, wadda a ganina ba a ba ta haƙƙinta idan ana maganar mata, ita ce hanyar gyaran mu'amala, IPT, da Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a shekarun 1970. Ita ba ta fara da abin da ke cikin kai, tana fara da abin da ke tsakaninki da mutane. Tana neman tushen ciwon a ɗaya daga wurare huɗu: rasuwar makusanci, saɓani da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa da miji ko dangi, sauyin matsayi kamar aure, haihuwa, saki ko barin aiki, sai kaɗaici. A ɗauki guda a yi aiki a kansa mako 12 zuwa 16, har da gwada yadda za ki buɗe wata magana mai nauyi da wanda kike jin nauyinsa. Duk macen da za ta iya cewa "tun da abu kaza ya faru na canza", wannan hanya ta cancanci ta tambaye ta da suna.

Ta uku ta fi sauƙi: tayar da jiki ta hanyar aiki. Ciwon na sa ki janye daga komai, janyewar kuma ta ƙara masa ƙarfi. Sai a tsara miki ƙananan abubuwa da ranakunsu, ki yi su ko ba kya jin yi, walwalar ta biyo baya. A wani gwaji da aka buga a mujallar Lancet a 2016, ƙananan ma'aikata da aka horar sun ba da wannan jinya a Ingila, sakamakon bai gaza na CBT ba.

Wannan batu na ƙananan ma'aikata shi ya fi ba ni ƙwarin gwiwa, domin ƙwararru sun yi ƙaranci kusan ko'ina. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa dabarun CBT, suka riƙa bin masu ciki har gida. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna wata shida bayan haihuwa kashi 23 cikin ɗari ne ke da sauran ciwon, a rukunin da ba a yi wa wannan jinya ba kuwa kashi 53. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a benci a harabar asibiti, su yi zama shida na warware matsala da marasa lafiya, waɗanda mafi yawansu mata ne. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 ne ke da alamun ciwon, a rukunin kulawar da aka saba kuwa kusan rabi. A Yuganda an gwada IPT a rukuni-rukuni tun 2003 aka ga nasara. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a irin wannan zama na rukuni, jin wata ta furta abin da kika daɗe kina ɓoyewa shi kansa sauƙi ne.

Tattaunawa ma ba kyauta take zuwa ba. Tana cin lokaci, kowane mako sai kin fita, sai kin samu mai riƙe miki yara. Tana so ki buɗe cikinki ga baƙo. Wani zaman za ki fito ranki ya fi na shiga ɓaci. Kuma ingancinta ya rataya a kan wanda ke gabanki, alhali ƙwaya ɗaya ce ko a hannun wa kika karɓa. Akwai ta intanet da ta waya, kuma wadda ake yi da jagorancin mutum na gaske tana amfani ga ciwo mai sauƙi da matsakaici. Manhajar da aka bar ki ke kaɗai da ita kuwa, yawanci ba a kai ƙarshenta.

To, wanne za ki ɗauka?

In aka dubi watannin farko, a ciwo mai sauƙi da matsakaici hanyoyin biyu kusan ɗaya suke a sakamako. Bambancin yana fitowa ne bayan an daina. Steven Hollon da Robert DeRubeis sun bi waɗanda suka samu sauƙi har shekara guda, suka buga sakamakon a 2005: ciwon ya dawo wa kashi 31 na waɗanda suka gama zaman gyaran tunani, kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan magani, da kashi 76 na waɗanda aka janye wa maganin. Binciken ba babba ba ne, amma wasu da suka biyo baya sun nuna alkibla iri ɗaya. Wani gwaji na Ingila a 2021, a kan waɗanda suka daɗe suna shan magani har suka ji za su iya dainawa, ya samu ciwon ya dawo wa kashi 56 na masu dainawa cikin shekara guda, da kashi 39 na masu ci gaba. Magani sauke miki kayan yake yi daga ka ki numfasa. Tattaunawa kuwa naɗin gammo take koya miki, domin kayan ba su ƙare ba.

Saboda haka, in ciwon mai sauƙi ne, kina iya tashi ki yi harkokinki duk da nauyin, ni tattaunawa zan ce ki fara da ita, ki haɗa da motsa jiki a kai a kai. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, haka ta ce a jagoranta na 2022: kada a fara da ƙwaya a ciwo mara tsanani sai in mai ciwon ce ta zaɓa. A wurinta makin PHQ-9 na 16 ne iyaka. In ya kai nan ko ya wuce, abin da ta sa a gaba shi ne a haɗa biyun. Dalilin a bayyane yake. Macen da ba ta barci, ba ta ci, ba ta iya riƙe jimla biyu a kai, ba za ta iya aikin gida na CBT ba sai an fara ɗaga ta. A nan tsoron magani ba dabara ba ce. Haka wadda ciwon ya sha dawo mata, ko wadda magani ya taɓa yi mata aiki a baya. In kuma inda kike babu mai jinyar tattaunawa sam, magani a hannun likitan da zai riƙa bibiyarki ya fi zaman jira nesa ba kusa ba.

Mai ciki da mai shayarwa su suka fi shiga tsaka mai wuya, kuma su aka fi tsoratarwa. A ciwo mai sauƙi da matsakaici tattaunawa ce kan gaba. Amma a sani barin ciwon ba magani shi ma yana da nasa haɗari, don an danganta shi da haihuwa kafin lokaci da ƙarancin nauyin jariri, ban da wahalar da uwar ke sha. Satiralin kaɗan ne yake shiga ruwan nono, shi ya sa likitoci suka fi zaɓar sa ga mai shayarwa. Faroksetin, wato Paxil, ana kauce masa a farkon ciki. Wadda ke kan magani ta ga ta samu ciki kada ta yanke shi da kanta, ta je a sake lissafi tare. A Agustan 2023 Amurka ta amince da ƙwayar Zurzuvae, ta farko da aka yi musamman don damuwar jego, ana sha kwana 14 kacal, sai dai ba ta kai yawancin ƙasashe ba.

Wadda ranta ke dagulewa sosai a makon da ke gaban al'ada, ya kuma washe kwana kaɗan da zuwan jinin, nata lissafin daban ne. Ta rubuta yanayinta kullum na wata biyu ta kai wa likita. In ya tabbata wannan ne, magungunan SSRI sukan yi aiki cikin kwanaki maimakon makonni, har ana iya shan su a rabin wata na biyu kawai. Shekarun da haila ke shirin yankewa ma lokaci ne da ciwon kan taso, musamman ga wadda ta taɓa yi, kuma zufar dare da ke hana barci na ƙara rura shi.

Akwai inda duka hanyoyin biyu ba za su isa ba. Macen da ake duka ko ake wulaƙantawa a gida, babu ƙwayar da za ta maye gurbin tsira da lafiyarta. Zaman sulhu na ma'aurata yana taimaka wa waɗanda saɓani ne kawai tsakaninsu, amma ba a yin sa inda akwai duka, domin abin da ta faɗa a ɗakin yana iya jawo mata wani a gida. Ita zama ita kaɗai take buƙata, da wanda ya san hanyoyin kariya.

Wa za ki gani? Likitan ƙwaƙwalwa ke rubuta magani, shi ne kuma na ciwo mai tsanani, da baifola, da wanda ya ƙi jin magani. Zuwa wurinsa ba ya nufin an haukace, kamar yadda ake yawan zato. Masanin halayyar ɗan Adam shi ke jinyar tattaunawa, a yawancin ƙasashe ba ya rubuta ƙwaya. Likitan da kike gani yau da gobe ma zai iya yin gwajin jini, ya fara magani, ya tura ki gaba. A zaman farko da mai jinyar tattaunawa kina da damar tambaya: wace hanya kike bi, zama nawa za mu yi, wa zai ji abin da na faɗa? In kin fi sakewa da mace, ki nemi mace. Wanda ya mayar da zaman wa'azi, ko ya raina abin da kika yi imani da shi, ko ya kasa faɗa miki inda aka dosa, ki canza shi ba tare da jin nauyi ba.

Hanyar da ba ta cikin zaɓi ita ce ta sayen maganin barci a kan gaban kai. Valium da danginsa suna kwantar da jiki na dare ɗaya, ba sa taɓa ciwon, kuma cikin 'yan makonni ake kamuwa da su. Tiramadol da kodin sun fi muni, haɗa tiramadol da SSRI ma na iya jawo mummunar illa. Duk wani haɗi na ganye ko ƙarin sinadari da kike sha, ki ambata wa likita, domin wasu na karo da maganin damuwa, wasu na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

In tunanin kashe kai ya zo, musamman in har kin fara tsara yadda za a yi, ko kika ji tsoron za ki cutar da jaririnki, a faɗa wa wani a yau, a tafi asibiti a yau, a kuma kwashe magunguna da duk abin cutarwa daga kusa. Ga 'yan'uwa: tambayar mutum kai tsaye ko yana wannan tunani ba ta dasa masa shi, bincike ya sha nuna haka.

Duk wadda kika ɗauka, ki sa mata wa'adi. Ki cika PHQ-9 ranar da kika fara, ki sake cikawa bayan mako huɗu zuwa shida, ki kai wa mai duba ki takardun biyu. In makin bai motsa ba, a ƙara ƙarfin maganin ko a canza shi, ko a ƙara tattaunawa a kan ƙwaya, ko ƙwaya a kan tattaunawa.